Kafin ka mai da rumfarka ɗaki



Kaka ta yi, an ɗaure hatsi, an rori wake, kuɗi sun ɗan zauna a aljihu. A irin wannan lokaci ne maigida kan zauna bayan la'asar, ya ɗaga kai ya dubi rumfar da ke jingine da ɗakinsa, ya ce a ransa: ga rufi, ga bango guda, in na ja bango uku na sa ƙyaure ai na samu ɗaki. Cikin yawon da nake yi na aikin malamin gona, daga Maraɗi zuwa Tibiri, in juyo in gangara Jiratawa, mutum huɗu suka kawo mini wannan magana a watan nan. Ɗaya zai yi wa ɗansa aure. Ɗaya wurin ajiye wake da taki yake nema. Ɗaya tsohuwarsa ce sanyi ke damu. Na huɗun mai zogale ne, ƙura da awaki sun hana shi shanya.

Shawara ce mai kyau, ba ni hana kowa. Fili ya yi tsada a birni, kuma ƙara ɗaki cikin gida ya fi sayen wani wuri sauƙi nesa ba kusa ba. Sai dai ka tuna, ita rumfa an kafa ta ne don inuwa. Zana kaɗai take ɗauke da ita, iska na ratsa ta, ruwa na bi ta ƙarƙashinta ya wuce. Ran da ka kewaye ta da bango, duk waɗannan sun canja, kuma mutum zai kwanta a ciki ya rufe ido.

Mu fara da ruwa. Tsofaffi sun sani, Maraɗin da muke ciki yau ba nan take da farko ba. Tsohon gari yana ƙasa cikin kwarin Gulbi, sai ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka hau da mutane bisa tudu aka yanka musu sababbin unguwanni. Hawa tudu ya raba mu da Gulbi, amma bai raba mu da ruwan sama ba. Ran 30 ga Agusta 2024 an yi ruwa a Maraɗi wajen milimita 150 cikin sa'a ɗaya da rabi, aƙalla mutum 15 suka rasu, gidaje masu yawa suka zube. A damanar ta 2024 kusan mutum 400 aka rasa a faɗin Nijar, har tsohon masallacin ƙasa na Damagaram ya faɗi a farkon Satumba. Ruwan shekara guda a nan wajenmu bai cika wuce milimita 500 da yawa ba. Ka ga ke nan kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara ya zubo kafin uwargida ta gama daka ta tuƙa tuwo.

Wannan milimita da kake ji a rediyo kullum, ga ma'anarta: milimita ɗaya lita ɗaya ce ta ruwa bisa kowane fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Rumfa mai mita 4 da mita 3 tana da irin wannan fili 12. In an yi ruwa milimita 50, wanda ba baƙo ba ne a Agusta, lita 600 za su sauka a kanta, wato tano uku cike. Irin na ranar 30 ga Agusta kuwa, tano tara. Da can zana na tsiyayar da shi a hankali, rairayi ya shanye. Kwano ba ya shan komai, zai tattara shi ya zubar a layi guda. Ina zai tafi? In ba ka da amsa, kada ka sayi bulo ko guda. Ka zagaya gidanka ka nemi sawun ruwan bara, inda ya share rairayi, inda ya tara shara. In ba ka gane ba, ka kwarara bokiti biyar a bakin rumfar ka bi shi da ido har rariya. Na ga gida a Tibiri inda sabon bango ya tare hanyar rariya, ruwa ya kwanta a tsakar gida kwana biyu, ya jiƙa gindin ɗakuna uku da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Akwai kuma ruwan tsohon ɗaki. A nan ni kaina na sha kashi, kuma gara in faɗa maka da ka sha irinsa. Shekara uku ke nan na rufe barandar gidanmu. Indararon tsohon soro yana zuba daidai inda sabon kwano ya haɗu da bango. Na nuna wa maso, ya ce ba komai, zai cika wurin da siminti. Ya cika, ya yi kyau a ido. Rana ta buga kwano ya miƙe, dare ya yi ya tsuke, kafin damana simintin ya rabu da shi da kaurin farce. Hadarin farko na Yuli ruwa ya bi bango ta ciki, ya narkar da buhu biyu na takin yuriya, ya jiƙa irin hatsi HKP da na ajiye don nuna wa manoma. Ni da nake yawo ina koya wa mutane ajiyar iri. Abin da ya kamata a yi tun farko ba shi da wuya: a kau da indararon zuwa wani gefe, ko a sa masa bututu ya sauka waje, sa'an nan a tsaga tsohon bango tsagi mai zurfin yatsa biyu, a lanƙwasa sallen kwano a cusa bakinsa ciki, sauran ya kwanta bisa sabon rufi da faɗin taƙi guda, kana a liƙe tsagin. Kwano ya yi motsinsa a ƙarƙashi, ruwa ya bi ta sama.

To, sai tushe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora bango bisa daɓen rumfa, wai ai yana da ƙarfi. Daɓe na ɗaukar mutum da tabarma, ba ya ɗaukar bango. A fasa shi a haƙa. A jigawar tudun Maraɗi a yi ƙasa kamar santimita 40 zuwa 50, har a tarar da ƙasa mai tauri wadda ba cikon shara ba. A wuraren da ke kusa da kwari, inda akwai laka mai kumbura da damana ta tsage da rani, kamar gefen gonakin Jiratawa, a ƙara zurfi a ƙara faɗi. Ko da tubalin ƙasa za ka yi gini, gindin ya zama na dutse ko bulon siminti marar rami, ya fito sama da tsakar gida kamar santimita 30. A shimfiɗa leda mai kauri a kansa kafin tubali na fari, don damshi yana hawa bango kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Ƙasan ɗakin ma a cika shi ya fi tsakar gida tudu da taƙi guda, a yi dokin ƙofa. In maso na haƙa kusa da tsohon bango, ka tsaya a kansa, kada ya rarake ƙarƙashinsa.

Shi tsohon bangon, duba shi kamar za ka sayi jaki. Ƙwanƙwasa shi, in ya yi amon ganga yaɓen ya saki. Dubi gindinsa, in gishiri ya cinye shi yana garin ƙasa, a gyara tukuna. In akwai tsaga mai gicciye wadda ke ƙara buɗewa kowace shekara, wannan bango ba abin jingina wa komai ba ne. Kuma sabon gini yana zama a hankali, tsoho kuwa ya riga ya zauna, shi ya sa suke rabuwa a kusurwa har ka hangi haske. Maganinsa a fasa wa tsohon haƙora, bayan kowane jeri uku a shigar da tubali ciki, ko a kafa guntayen rodi su kama biyun.

Dirkokin rumfa kuwa a cire su. Wasu kan bar su cikin bango don gudun wahala. Hanya ka yi wa gara, daga ƙasa har rufi, cikin duhu inda ba ka gani.

Rufi shi ne inda ran mutum yake, don haka bari in daɗe a nan. Kada ka yarda a zuba ƙasa bisa itatuwan da aka kafa don zana. Ƙasa mai kaurin santimita 15 bisa fili mai mita ɗaya da mita ɗaya ta kai kilo 250 tana busasshiya. A ɗakinmu mai irin wannan fili 12, tan uku ke nan, nauyin buhu 30 na hatsi a saman kanka, kuma in ta sha ruwa ta ƙara. Da yawa cikin waɗanda gini ke faɗa wa da damana cikin dare ne, suna barci. Kakanninmu da ke rufin soro da azarar giginya suke yi, wadda gara ba ta cika ci ba, kuma ba su barin azara ta tsallake fiye da mita 2 ba tare da wata dabara ta tallafe ta ba. Yau giginya ta yi wuya, abin da ke kasuwa bedi ne da turare, ko ƙarfen IPN ga mai hali. In rufin ƙasa kake so don sanyinsa, kuma gaskiya ba abin da ya kai shi sanyi a watan Afrilu, to ka sa ƙarfe a tsakiya ya raba nisan, ka ɗora shi bisa dutse ko bulo cikakke, kada ya zauna kan tubalin ƙasa tsirara. Akwai kuma gini marar itace, na ƙubba da baka, wanda ƙungiyar Development Workshop ta fara koyarwa a Shikal cikin ƙasar Filinge a 1980, maginai da yawa suka koya. Yana da kyau ƙwarai, amma rufinsa na tura bango waje, sai bango mai kauri wanda aka gina dominsa. Ban ba ka shawarar a jingina shi ga tsohon bango ba.

Mafi yawa dai kwano za su sa. Abu biyu ke ɓata shi, gajarta da iska. Rumfa yawanci ba ta wuce mita 2 ba. In ka bi wannan tsayi ka rufe da kwano, tanda ka gina. Ka ɗaga gefen tsohon bango ya kai mita 3, a bar gangare na santimita 15 cikin kowace mita, wato a faɗin mita 3 gefen waje ya sauka da santimita 45. Bakin kwano ya zarce bango da kamu guda don ruwa ya faɗi nesa da tushe. A ƙarƙashinsa a yi silin, ko na zana ne ko na tabarma, a bar sarari tsakani. Iskar da ke gaban hadari a Mayu da Yuni kuwa ka san aikinta, kowace shekara sai ta kwashe rufin wani ta kai gidan maƙwabci. Duwatsu da tsofaffin tayoyi bisa kwano ba ɗauri ba ne. A ɗaure katakon rufi da waya mai kauri ko siririn rodi wanda aka binne jeri huɗu ko biyar ƙasa cikin bango tun ana gini.

Hadarinmu daga gabas yake tasowa, kowa ya san bangon gabas ke fara zaizayewa. Saboda haka kada ka ba gabas ƙofa in da yadda za ka yi, taga ma ta zama ƙarama. Amma taga dole ce, kuma biyu, suna duban juna, iska ta shiga nan ta fita can. Wani abu da aka koya mana a lise wanda na ga amfaninsa a kauye fiye da a aji: iska mai zafi sama take hawa. Ka bar ƙananan kafofi can ƙarƙashin rufi ta samu mafita. Duka a sa musu raga. A ƙasar Gambiya an gwada wannan, sakamakon ya fito a 2009: gidajen da aka sa wa raga sauron da ke shigarsu ya ragu da wajen rabi. Raga ba ta hana a ɗaura gidan sauro, taimaka masa take yi. Kada ka manta da tsohon ɗaki. In tagarsa cikin rumfar take buɗewa, ka toshe masa hanci ke nan, ya koma duhu da zafi, kuma cunkoso a ɗaki marar iska shi ne abin da tari da sanƙarau ke so. A fasa masa wata taga a wani gefe, a sa mata lintal.

Ga lissafi don kada a cuce ka. Bango uku, mita 4 da 3 da 3, tsawonsu mita 10. Tsayi a tsakaice mita 2 da santimita 70. In an cire ƙofa da tagogi biyu, saura abin da zai ci bulo wajen 300, irin mai tsawon santimita 40 da tsayin 20, ban da na tushe. Buhun siminti mai kilo 50, na Malbaza ne ko wanda ya ƙetaro iyaka, kada a buga fiye da bulo 30 zuwa 35 da shi. Mai buga 50 yashi yake sayar maka. A shayar da bulon ruwa safe da maraice kwana bakwai. Ni dai a ra'ayina, in za a kwana a ɗakin, tubalin ƙasa mai kauri bisa gindin siminti ya fi siririn bulo, don bulo na tara zafin rana ya sake maka shi da dare. Sai dai kada ka yi wa bangon ƙasa yaɓen siminti kai tsaye. Ba su jituwa, yakan ɓamɓare falle-falle, kafin ya faɗi kuma ya ɓoye ruwa a bayansa yana cin bango ba ka sani ba. Ko a kafa ragar waya da ƙusoshi ta riƙe shi, ko a koma ga yaɓen ƙasa da makuba ta ɓawon ɗorawa, a sabunta kafin kowace damana.

Yanzu me za ka sa a ciki? Wannan shi ne ainihin sana'ata, kuma nan ne na fi jin tsoro. Ɗakin da mutum ke kwana ba a sa masa wake mai ƙwayar fostoksin, wadda ƴan kasuwa ke ce wa bom. Ƙwayar nan da ta ji damshi sai ta saki iska mai guba, tana ratsa buhu, tana bin tsagar bango da ƙarƙashin ƙofa. A rumfa iska na kwashe ta, a rufaffen ɗaki tana kashe mutum, yara kuma su ke fara tafiya. Ko ɗakin ajiya ne zalla, in akwai ƙofa ko taga tsakaninsa da ɗakin kwana, hukuncinsu ɗaya. Ga buhun PICS mai riɓi uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda aka fara bazawa a 2007, kuma masu binciken INRAN na nan Tarna na cikin waɗanda suka gwada shi a ƙauyukanmu. Wake ya bushe sarai, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam, ƙwari su mutu don rashin numfashi, ba magani ko kaɗan. Buhuna su hau katako ko duwatsu, su bar bango da taƙi biyu, saboda damshi da ɓera. Gyaɗa ta fi kowa ƙin damshi, in ta yi fumfuna tana haifar da gubar da ke cin hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Taki da maganin feshi su zauna nesa da abinci.

Haka kuma garwashi. Tsohuwa ta saba da kaskon wuta a rumfa cikin Disamba, za ta so shiga da shi sabon ɗaki ta ja ƙyaure. Gawayi na fitar da iska marar wari marar launi, mutum ya ji ciwon kai da barci, daga nan sai labari. A ɗumama ɗakin ƙofa na buɗe, a fitar da kasko kafin a kwanta.

Mutanen Jiratawa, naku dabam ne. Tun da aka buɗe filin noman rani a farkon shekarun 1980, fiye da hekta 500 da ONAHA ke kula da su, ga zogale ga albasa, buƙatarku inuwa ce mai iska fiye da ɗaki rufaffe. Zogalen da ya bushe a inuwa kore shar yake fitowa, na rana kuwa ya koɗe, kuma mai saye a kasuwar Maraɗi da ido yake fara ciniki. Ku ja bango iya ƙugu, daga nan zuwa rufi raga da zanar da ake naɗewa, a yi gadaje na kara hawa-hawa. Ya fi arha, ya hana akuya da kaji, kuma albasa ba ta ruɓa kamar yadda take yi a ɗakin kwano mai zafi.

Kafin ka kira maso, akwai waɗanda za ka fara kira. Ta farko uwargida. Kai da safe kake fita, ita ce ke wuni a rumfar nan, nan turmi yake, nan ake suyar ƙuli-ƙuli, nan yara ke barcin rana. In ka ɗauke ba ka kafa mata wata ba, ka tura ta cikin rana, kuma za ka ji a tuwonka. In gidan gado ne, ƴan uwa su sani a gaban shaidu, don ɗakin da ka gina da kuɗin wakenka ranar rabo cikin gado zai shiga. In haya kake, a rubuta da mai gida ko za a cire daga kuɗin wata. Ruwan rufinka kada ya sauka gidan maƙwabci ko ya ci gindin katangarsa. Wanda ke cikin birnin Maraɗi kuma ya leƙa ma'aikatar magajin gari ta yankinsa ya tambayi batun izinin gini, musamman in bangon zai taɓa bakin hanya.

Lokacin aiki yanzu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu: tubali na bushewa, maginai ba su gona, siminti ba ya ƙonewa da zafin bazara. A gama komai kafin Mayu. In an gama, sa yaro ya hau da bokiti ya kwarara ruwa daidai mahaɗar kwano da tsohon bango, kai kana ciki kana duba da fitila. Iri da taki kuwa ka bar su inda suke, sai sabon ɗakin ya sha hadari biyu ka ga ƙasansa a bushe.